Naman Kazan Tsaunukan Oaxaca: Masu Ilimi Daban, Masu Riba Daban

A arewacin jihar Oaxaca, kudancin ƙasar Meziko, akwai jerin tsaunuka da hazo ba ya rabuwa da su. A nan al'ummar Mazatek suke zaune tun kaka da kakanni, suna noman masara da wake da kofi a kan gangara, suna magana da harshensu wanda har yau mutum sama da 200,000 suke yi. Idan damina ta kankama, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasa takan zaftare a gefen hanyoyi da bakin kwazazzabai. A kan irin wannan ƙasa da ta buɗe, da kuma inda aka jibge ragowar raken da aka matse, wani naman kaza yake fitowa. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, amma da zarar an murza shi sai ya rine ya koma shuɗi. Da Sifaniyancin yankin ana ce masa derrumbe, saboda zaftarewar ƙasar da yake bi. Masana kuwa sun sa masa Psilocybe caerulescens.

Sinadarin da ke cikin wannan naman kaza da 'yan uwansa, yau ana gwajinsa a manyan asibitocin Amurka da Turai a matsayin maganin matsananciyar damuwa. Kamfanoni suna zuba miliyoyin daloli a kansa, wasu ƙasashe ma sun fara sassauta dokokinsu. Amma mutanen da suka riƙe iliminsa shekaru aru-aru, suka ɓoye shi daga fushin Turawan mulkin mallaka, kuma daga hannunsu ya fita duniya, ba a cika ambatonsu ba sai a matsayin ado a farkon labari. Wace daraja yake da ita a wurin masu shi? Ta wace hanya ya kuɓuce musu? Kuma wane bashi suke bin waɗanda suka amfana?

Ba kira ake yi ga kowa ya ci ba. Musulmi ya san hukuncin duk abin da ke gusar da hankali, dokokin mafi yawan ƙasashen duniya sun haramta sinadarin, kuma mun ga abin da shaye-shaye ya yi wa matasanmu. Sai dai haƙƙin mutum ba ya faɗuwa don ba addininka yake bi ba. Wanda aka ci amanarsa an ci amanarsa, ko da ba ka yarda da abin da ya yi imani da shi ba.

Abin da yake yi a jiki

A faɗin duniya akwai ire-iren naman kaza kusan 200 masu ɗauke da sinadarin silosaibin, kuma sama da 50 daga cikinsu ana samunsu a Meziko, kamar yadda aikin masanin ƙasar Gastón Guzmán ya nuna. Mazatek sun fi amfani da guda uku. Akwai derrumbe, wanda suke ganin ya fi ƙarfi. Akwai pajarito, wato Psilocybe mexicana, ɗan siriri mai fitowa cikin ciyawa. Sai San Isidro, wato Psilocybe cubensis, mai tsirowa a kan kashin shanu, wanda wasu masu ilimin ba sa ba shi darajar sauran biyun.

Idan aka ci, jiki yakan juya silosaibin ya koma silosin, wanda ƙirarsa ta yi kama da ta serotonin, ɗaya daga cikin sinadaran da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke aika wa juna saƙo da su. Silosin yakan dafe a inda serotonin ya saba sauka, sai sassan ƙwaƙwalwa su shiga magana da juna ta hanyoyin da ba su saba ba. Cikin kusan rabin awa mutum zai fara ganin launuka da siffofi, lokaci ya rikice masa, abubuwan da ya binne a zuciya su taso. Wani ya yi ta kuka, wani ya cika da farin ciki, wani kuma tsoro ya lulluɓe shi kamar zai mutu. Abin yakan ɗauki awa huɗu zuwa shida.

Ba ya kama mutum ya zame masa jaraba irin ta tiramadol ko hodar ibilis, amma wannan bai sa ya zama abin wasa ba. Wanda ya firgita yana iya jefa kansa cikin haɗari. Wanda ke da taɓin hankali a danginsa yana iya tayar da ciwon da ke kwance. Akwai kuma naman kaza masu guba da suka yi kama da shi, waɗanda ke lalata hanta har su kashe. Likitocin zamani sun tabbatar da cewa yadda abin zai kasance ya dogara ƙwarai a kan halin da zuciyar mutum take ciki, da wurin da yake, da wanda ke tare da shi. Mazatek sun daɗe da gane haka, shi ya sa suka kewaye shi da ƙa'idoji masu tsauri.

Shekara ɗari huɗu a ɓoye

Amfani da shi ya girmi zuwan Turawa nahiyar. A wani littafin zane na al'ummar Mixtec, maƙwabtan Mazatek, wanda yanzu yake ajiye a birnin Vienna, an zana allolinsu riƙe da naman kaza. A tsaunukan Guatemala an tono duwatsu masu yawa da aka sassaƙa da siffarsa, wasunsu sun haura shekara 2,000, ko da yake masana ba su haɗu a kan ma'anarsu ba. Aztek suna kiransa teonanácatl, kuma marubutan wancan zamani sun ruwaito cewa an ci shi a bikin naɗin sarki Moctezuma na biyu a 1502.

Bayan Sifaniyawa sun ci babban birnin Aztek da yaƙi a 1521, limaman cocin Katolika suka ci karo da al'adar. Ɗaya daga cikinsu, Bernardino de Sahagún, wanda ya ƙare rayuwarsa yana rubuta harshe da al'adun mutanen ƙasar, ya bayyana yadda ake cinsa da zuma a yi ta gane-gane. Shi da 'yan uwansa sun ɗauki abin a matsayin aikin Shaiɗan. A 1620 kotun coci mai hukunta 'yan bidi'a ta haramta peyote, wani tsiron hamada mai irin wannan aiki, kuma fushin nan bai bar masu naman kaza ba. Sai al'adar ta janye zuwa ƙauyukan kan dutse inda doki da alƙali ba sa isa da sauƙi: wurin Mazatek da Mixtec da Zapotec da Mixe da Chatino da wasu ƙauyukan Nahua. Aka koma yin ta cikin dare, a cikin gida, ana rage murya in za a ambaci sunanta.

Ɓoyon ya yi nasara har masana suka fara musun cewa abin ya taɓa wanzuwa. A 1915 wani masanin tsirrai na Amurka, William Safford, ya yi iƙirarin cewa limaman Sifaniya kuskure suka yi, busasshen peyote suka gani suka zaci naman kaza ne. Wani likita mazaunin Meziko, Blas Pablo Reko, ya ƙi yarda. A 1938 shi da wani matashin ɗalibin jami'ar Harvard, Richard Evans Schultes, suka je garin Huautla de Jiménez, cibiyar ƙasar Mazatek, suka samo samfurinsa. A shekarar ne kuma wani masanin al'adu, Jean Bassett Johnson, da abokan tafiyarsa suka halarci zaman dare, amma ba su ci ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse binciken, Huautla ta ƙara samun 'yan shekaru na kwanciyar hankali.

Yadda zaman dare yake

A wurin Bamazateke na gargajiya, naman kazan nan ba abin nishaɗi ba ne. Ba a ci don daɗi, ba a ci da rana, ba a ci a kasuwa. Ana komawa gare shi ne idan abu ya gagara: ciwon da ya ƙi jin magani, yaron da ya firgita ya rame, ɗan uwan da ya yi tafiya aka daina jin ɗuriyarsa, dukiyar da ta ɓata, ko rigimar da ta raba gida. Don girmamawa sukan kira shi 'yan yara masu tsarki, a harshensu kuma ndi xijtho, ƙananan da ke ɓullowa.

Wanda ke jagorantar zaman shi ne chjota chjine, wato mai ilimi, namiji ko mace. Suna bambanta shi da mai maganin gargajiya da ke aiki da ganye da saiwa, suna kuma bambanta shi da mai sihiri da ake zuwa wurinsa don a cuci wani. Kafin zaman da bayansa, duk wanda zai ci sai ya ƙaurace wa iyalinsa, galibi kwana huɗu kafin da huɗu bayan, ya kuma bar cikinsa ba nauyi a ranar. Idan dare ya yi, sai a taru gaban teburin ibada na gida, inda ake jera hotunan waliyyan Katolika da furanni da kyandir. Mai ilimi ya turara naman kazan da hayaƙin kopal, wani ƙaron itace mai ƙamshi, ya raba shi bibbiyu, a tauna a hankali. A shafa wa mara lafiya garin taba a hannu. Daga nan a kashe wuta.

Abin da ya rage na daren magana ce. Mai ilimi zai yi ta rera addu'a awa bayan awa, yana tafi, yana kiran Yesu da Maryamu da waliyyai, yana kuma kiran iyayen gijin duwatsu da maɓuɓɓugai, musamman Chikon Nindo, wanda suka yi imani shi ke da babban dutsen da ke kallon Huautla. A imaninsu ba mai ilimin ke magana ba, naman kazan ne ke magana ta bakinsa, yana faɗin asalin ciwon da abin da za a yi. Sau da yawa dangin mara lafiya su ma sukan ci, su kwana tare da shi, su amsa addu'ar. Saboda haka ciwon mutum ɗaya yakan zama al'amarin gida gaba ɗaya, kuma abin da aka daɗe ana ɓoyewa yakan fito fili a daren.

Ba kullum ake tashi da albishir ba. A wani zama da aka naɗi sautinsa a 1958, wanda aka yi domin wani saurayi mara lafiya, mai ilimin ta sanar cewa ba zai tashi ba, kuma bayan 'yan makonni ya rasu. Mai kallo daga waje yana iya cewa jin irin wannan hukunci kaɗai ya isa ya karya mara lafiya, kuma zargi ne mai nauyi. Amma ya nuna yadda su suke kallon abin: wuri ne da ake zuwa neman gaskiya, mai daɗi ko mai ɗaci, kuma ba a shigarsa da wasa.

María Sabina da baƙon 1955

Matar da ta jagoranci wancan zama ita ce María Sabina, wadda aka haifa a 1894 a yankin Huautla. Cikin talauci ta tashi. Ta fara cin naman kazan tun tana ƙarama, ita da ƙanwarta, suna kiwon kaji a daji da yunwa a cikinsu. An yi mata aure tana kusan shekara 14, ta binne miji biyu, ta ciyar da 'ya'yanta da noma da ƙaramin talla. Ta zama mai ilimi ne bayan ƙanwarta ta kwanta ciwo masu magani suka kasa, ita ta jagoranci zaman, ƙanwar ta tashi. Ba ta yi karatu ba, ba ta jin Sifaniyanci, kuma har ta mutu 'yar Katolika ce mai zuwa coci.

Mutumin da ya canza rayuwarta shi ne Gordon Wasson, mataimakin shugaban bankin J.P. Morgan a New York. Shi da matarsa Valentina, likitar yara 'yar asalin Rasha, sun shafe shekaru suna binciken matsayin naman kaza a al'adun duniya. Ya fara zuwa Huautla a 1953. A ƙarshen Yunin 1955 ya koma tare da mai ɗaukar hoto Allan Richardson, wani jami'in hukumar garin ya kai su wurin María Sabina. Ita ba ta saba yi wa mai lafiya zama ba, amma umarnin hukuma abu ne mai nauyi a wurinta, kuma Wasson ya nuna cewa damuwa da halin da ɗansa yake ciki ce ta kawo shi. A daren 29 ga Yuni suka ci derrumbe daga hannunta. Ta yarda a ɗauki hoto bisa sharaɗin kada a yaɗa.

Ranar 13 ga Mayun 1957 mujallar Life, wadda miliyoyin Amurkawa suke karantawa, ta buga labarin tare da hotunan. Wasson ya canza mata suna zuwa Eva Mendez, ya kuma ɓoye sunan garin, amma fuskarta tana nan, kuma ba a daɗe ba masu nema suka gano hanya. A shekarar ne kuma aka fitar da faifan waƙoƙin addu'arta a Amurka.

Kimiyya ta bi sawu da sauri. Masanin naman kaza na Faransa, Roger Heim, ya raka Wasson a 1956, ya tantance ire-iren, ya kuma yi nasarar shuka su a Paris. Tafiyar ta wannan shekara, ba da sanin Wasson ba, akwai kuɗin hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA a cikinta, wadda ke neman sinadaran sarrafa tunanin mutum. Heim ya aika samfuri ga Albert Hofmann na kamfanin Sandoz a birnin Basel, wanda a 1958 ya tace sinadarin daga pajarito, ya sa masa suna silosaibin, ya kuma gano yadda za a haɗa shi a ɗakin gwaji. Kamfanin ya yi rajistar mallakarsa, ya fitar da ƙwayar da ya kira Indocybin. A 1962 Hofmann ya je Huautla da ƙwayoyin, María Sabina ta sha, kuma bisa ruwayarsa ta ce ba ta ga bambanci ba. Shekara bakwai kacal tsakanin daren da ta buɗe wa baƙo ƙofa da ranar da aka dawo mata da abinta a cikin kwalba, da sunan wani a jiki.

Abin da ya faɗa wa Huautla

A 1960 Timothy Leary, malami a Harvard, ya ci naman kazan a Meziko bayan labarin Life ya yaɗu, ya koma gida ya zama babban mai yayata irin waɗannan sinadarai. Cikin shekarun 1960 matasan Amurka da Turai da na birnin Meziko suka yi ta kwarara Huautla. Ba su zo da mara lafiya ba. Sun ci da rana tsaka, a gonakin kofi da kan titi, ba tsarki, ba jagora, wasu suka haukace a bainar jama'a. Abin da a da ake bayarwa cikin sirri ya koma hajar da yara ke tallanta wa baƙi.

A 1969 gwamnati ta tura sojoji da 'yan sanda suka kori baƙin, aka kafa shingaye a hanyar garin na tsawon shekaru. Mutanen gari suka ɗora wa María Sabina laifin tona asiri. 'Yan sanda sun kama ta bisa zargin sayar da ƙwaya, an ƙona mata gida, an kashe ɗanta. Daga baya ta shaida wa Álvaro Estrada, ɗan garin da ya rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta ya buga a 1977, cewa tun da baƙi suka zo 'yan yaran suka rasa tsarkinsu da ƙarfinsu. Shi kansa Wasson, a wani rubutu da ya yi a jaridar New York Times a 1970, ya amsa cewa shi ne silar ɓarnar da ta afka wa garin. María Sabina ta rasu a Nuwamban 1985, tana da shekara 91, cikin talaucin da aka haife ta a ciki.

Doka ma ta juya a kansu. Amurka ta sa silosaibin a sahun farko na haramtattun ƙwayoyi a 1970, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta bi baya. Yarjejeniyar ta bar wa ƙasashe damar keɓe ƙananan al'ummomi masu amfani da tsirran daji a ibadarsu, kuma Meziko ta yi amfani da damar. Dokar laifuffuka ta ƙasar a yau ta ce ba za a gurfanar da 'yan asalin ƙasa da suka riƙe shi domin bukukuwansu ba. Duk da haka yana nan a jerin haramtattu, kuma shekaru da dama masu ilimin sun yi aikinsu ne da tsoron hukuma a zuciya, saboda ɓarnar da ba su suka yi ba.

Dawowa ta ƙofar asibiti

Bayan kusan shekara 30 na shiru, bincike ya farfaɗo. A 2006 Roland Griffiths da abokan aikinsa a jami'ar Johns Hopkins suka wallafa gwajin da ya sake buɗe fagen. A 2016 wannan jami'a da jami'ar New York suka ba da rahoton cewa sinadarin ya rage fargaba da damuwa ga masu ciwon daji. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba kamfanin Compass Pathways damar hanzarta gwajinsa, kuma bayan kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a 2020, darajarsa ta haura dala biliyan 1. Gwajinsa na 2022, a kan mutum 233 da magungunan damuwa suka kasa yi wa aiki, ya nuna sauƙi a mako uku na farko ga waɗanda suka sha miligiram 25, amma tasirin ya ragu daga baya, kuma wasu sun fuskanci matsaloli masu tsanani. Akwai alamar amfani, amma ba a kai ga abin da masu talla suke faɗa ba.

Jihar Oregon ta amince da amfani da shi a cibiyoyi masu lasisi a 2020, Colorado ta biyo a 2022, kuma daga Yulin 2023 Ostireliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin rubuta shi. Dubi yadda ake ba da shi a waɗannan wurare: a shirya mutum kwanaki kafin ranar, a kwantar da shi a ɗaki mai natsuwa, a rufe masa ido, a sa masa kiɗa, wani ya zauna kusa da shi har abin ya sake shi, sannan a tattauna abin da ya gani. Ba za a ce dukkan wannan daga Huautla aka kwaso ba, domin likitocin Yamma sun yi nasu gwaje-gwajen. Amma ginshiƙin, cewa wannan abu magani ne ga wahalar zuciya idan an sha shi cikin shiri da duhu da sauti da jagora, Mazatek ne suka nuna wa duniya shi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Hujjojin ɗaya ɓangaren

Masu kare kamfanonin suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa naman kaza mai silosaibin yana fitowa a kusan kowace nahiya, ba wanda ya halicce shi, don haka ba wanda zai ce nasa ne. Suna cewa abin da suke sayarwa haɗin ɗakin gwaji ne, bai taɓa dajin Oaxaca ba, hasali ma yana rage wa na daji matsi. Suna ƙarawa da cewa gwajin magani yana cin kuɗi masu yawa, kuma ba wanda zai zuba su in ba shi da tabbacin mallaka.

Akwai gaskiya a nan, amma ba ta kai ga tushen maganar ba. Ba wanda ya ce Mazatek ne suka ƙirƙiri sinadarin. Abin da suke da shi sani ne: wanne ake ci cikin ɗaruruwan da ke daji, nawa ake ci, don me, da wane shiri. Naman kazan ya daɗe yana fitowa a makiyayun Turai da Amurka, masanansu suna wuce shi, har sai da wata mata a Huautla ta nuna musu. Kuma hanyar da ilimin ya bi a rubuce take, da sunaye da ranaku: daga hannunta zuwa Wasson, zuwa Heim, zuwa Hofmann, zuwa rajistar Sandoz. Da wuya a sami wani ilimin gargajiya da sawunsa ya fito fili haka.

Wata hujjar ta fi wannan wuya. Su kansu Mazatek ba bakinsu ɗaya ba. Tun da gwamnati ta sa Huautla cikin jerin garuruwan yawon buɗe ido na musamman a 2015, hoton María Sabina da na naman kaza suna ko'ina a garin, kuma gidaje da dama da karɓar baƙi suke ci. Akwai masu ilimi na gaskiya da ke karɓar baƙo da zuciya ɗaya, akwai 'yan damfara, akwai masu ganin duk wannan cin mutuncin abu mai tsarki ne, akwai kuma waɗanda suka koma cocin Furotesta suka yi watsi da al'adar. Mutanen yankin suna kokawa cewa naman kazan yana ƙaranci saboda sare daji da sauyin damina da yawan tsinka, har mara lafiya ɗan gari yakan rasa abin da baƙo mai dala ya saye. To wa za a tambaya, wa za a biya? Tambaya ce ta gaske. Amma saɓanin masu haƙƙi a tsakaninsu bai taɓa zama hujjar riƙe musu haƙƙi ba. Suna da majalisun gari da hukumomin gargajiya, kuma aikinsu ne su warware.

Abin da adalci yake buƙata

Ma'aunin yana nan a rubuce. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta amince cewa su ke da ikon kula da iliminsu na gargajiya da magungunansu. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta wajabta neman yarda tun farko da raba amfani. A Mayun 2024 hukumar kare mallakar fasaha ta duniya ta amince da wata yarjejeniya da za ta tilasta wa mai neman rajista ya bayyana inda ya samo halittar da ilimin da ya gina aikinsa a kai. Raunin waɗannan shi ne ba sa komawa baya su kama abin da aka ɗauka a 1955, kuma Amurka, inda mafi yawan kasuwar take, ba ta cikin yarjejeniyar Nagoya.

Amma rashin tilascin doka bai hana yin daidai ba, kuma akwai misali. A 2019 masana'antar shayin rooibos ta Afirka ta Kudu ta amince cewa al'ummomin Khoi da San ne masu asalin iliminsa, ta kuma yarda ta riƙa ba su kashi 1.5 cikin ɗari na farashin da ake sayen ganyen daga manoma. An ɗauki shekaru ana ja-in-ja, kuma kason ba shi da yawa, amma ya rushe iƙirarin cewa abin ba zai yiwu ba. Kamfanonin silosaibin za su iya yin haka: kaso sananne daga ribarsu, wanda Mazatek da sauran al'ummomin da suka riƙe al'adar za su sarrafa da kansu, su kashe a kan asibiti ko makaranta ko kare dazuzzukansu ko koyar da harshensu, yadda suka ga dama. Gwamnatin Meziko kuma, duk ranar da za ta sake dokar, wajibi ne su zauna a teburin tun daga farko, kuma a ji ta bakin masu cewa a'a kamar yadda ake jin masu cewa e.

Maganar ba ta tsaya a Meziko ba. A 2024 masana suka bayyana wani sabon nau'i, Psilocybe maluti, daga Lesotho da Afirka ta Kudu, tare da rahoton cewa masu maganin gargajiya na Basotho suna amfani da shi. Ke nan abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Duk al'ummar da ke da tsofaffi masu sanin saiwa da ganye da sassaƙe, wata rana baƙo zai zo mata da littafi da na'urar ɗaukar hoto, da kyakkyawar fuska, wataƙila ma da kyakkyawar niyya kamar yadda Wasson ya zo. Abin da ya sami Huautla ya nuna cewa kyakkyawar niyyar baƙo ba ta kare mai gida. Abin da ke kare shi shi ne sharaɗi a rubuce kafin a buɗe baki, da al'umma mai magana da murya ɗaya, da hukumar da ke tsaya wa mutanenta. Mazatek ba su sami ko ɗaya daga cikin ukun ba a 1955. Har yanzu suna raye, har yanzu suna zaman dare, kuma waɗanda suka ci riba daga iliminsu suna da halin biyan bashin tun yau.